Awa 12 A Ɗaki Guda: Wasan 'Yan Sandan Da Ya Ƙare Ba A Kama Kowa Ba

Duk wanda ya saba kallon wasannin 'yan sanda a talabijin ya san yadda akan ƙare su. A yi kisa, a yi tsere da motoci, a harba bindiga, kafin lokaci ya cika an sa wa mugu ankwa, 'yan kallo su watse hankali kwance. Amma akwai wani kashi da gidan talabijin na NBC ya nuna a Amurka ran 3 ga watan Maris, 1993, wanda ba a yi tsere a cikinsa ba, ba a yi harbi ba, ba a kuma kama kowa ba, duk da haka har gobe masana wasan kwaikwayo suna lissafa shi cikin mafiya kyau da aka taɓa yi.

Sunan wasan Homicide: Life on the Street, an yi ta nuna shi daga 1993 zuwa 1999. Asalinsa wani ɗan jarida ne mai suna David Simon, na jaridar Baltimore Sun, ya shafe shekarar 1988 tare da 'yan sandan ciki masu binciken kisan kai a birnin Baltimore, sa'an nan ya rubuta abin da ya gani a littafi a 1991. A cikin wannan shekara da ya zauna da su aka kashe wata yarinya 'yar shekara 11, aka yi bincike har aka gaji, ba a tabbatar da laifin a kan kowa ba. Da aka zo shirya wasa sai aka sa wa yarinyar suna Adena Watson, kashi na 5 kuwa aka kira shi Three Men and Adena, watau maza uku da Adena.

Wanda ake tuhuma wani dattijo ne baƙar fata, Risley Tucker, mai tallar 'ya'yan itace da kayan lambu a keken doki, sana'ar da ta daɗe a wannan birni. In mai karatu ya tuna da tsohon da ke tura baron lemo da ayaba a kasuwar Kafanchan, to, ya gane irin mutumin. Yarinyar takan taya shi kula da dokinsa. An sha kawo shi ofis ana sakinsa, sabo da haka wannan karon shi ne na ƙarshe: an ba 'yan sanda biyu awa 12, in bai amsa laifi ba su sallame shi.

Ɗayansu, Tim Bayliss, sabon shiga ne, wannan ne kisan farko da aka ɗora masa, ya kuma riga ya yanke a ransa cewa tsohon ne ya yi. Ɗayan kuwa, Frank Pembleton, gwani ne wajen tatsar magana daga bakin mai laifi. Kusan wasan duka a ɗaki ɗaya aka yi shi, da tebur da kujeru. Wannan ya yi lallashi, wancan ya yi tsawa. Su watsa masa hotunan gawar a gabansa, su jefa masa tambayoyi a jere don ya rikice, su koma kan maganar da ya faɗa ɗazu ko za ta ci karo da ta yanzu. Har ta kai Bayliss ya fusata, ya tura fuskar tsohon kusa da wani bututu mai zafi, saura ƙiris ya ƙona shi.

Da dare ya raba sai reshe ya juya da mujiya. Tsohon da aka ɗauka ba ya iya magana ya soma tone su ɗaya bayan ɗaya. Ya zargi Pembleton, wanda shi ma baƙar fata ne, da raina talakawan da ya fito daga cikinsu. Ya nuna wa Bayliss cewa akwai wani duhu a zuciyarsa da yake tsoron dubawa. Daga baya ya faɗi abin da ya fi komai ba shi kunya, cewa ya so yarinyar irin son da bai kamaci tsoho ga yarinya ba. Amma kisa, ya ce bai yi ba. Lokaci ya cika, aka buɗe masa ƙofa ya tafi. Abin mamaki, Pembleton ya fito ya gamsu shi ne, Bayliss kuwa da ya shiga da yaƙini ya fito da shakka. A ofishin nan akwai allo da akan rubuta sunan wanda aka kashe da ja, in an gano makashin a mayar da shi baƙi. Sunan Adena ya zauna da ja.

Tom Fontana, wanda ya rubuta wasan, ya sami lambar yabo ta Emmy a kansa a shekarar. Martin Campbell da ya shirya shi, shi ne daga baya ya shirya fina-finan James Bond biyu, a 1995 da 2006. Moses Gunn da ya fito a tsohon ya rasu a watan Disamba na 1993, Andre Braugher da ya fito a Pembleton kuma a Disamba na 2023.

Ƙarfin wasan yana wurin bututun nan. Da an manna fuskar tsohon, da wuya a ce bai amsa ba, domin wanda ake ƙonawa zai amsa ko da satar wata ce daga sama. Da an rufe fayil, an mai da suna baƙi, alhali ba wanda ya ƙaru da sanin wanda ya kashe yarinyar. Wasan bai ɓoye tsadar bin doka ba, gama mai yiwuwa ne makashi aka saka. Ya dai nuna cewa amsa laifi daban, gaskiya daban.

Wannan magana ba ta Amurka kaɗai ba ce. Wasanninmu na gida sun shiga bariki tare da Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, sun bi sawun masu laifi tare da Olu Jacobs a The Third Eye na NTA, amma ba kasafai suke daɗewa a ɗakin ɗaukar jawabi ba, ko da yake a nan ne shari'u da yawa suke ginuwa ko su rushe. Koke-koken azabtarwa na cikin abin da ya sa aka rushe rundunar SARS ran 11 ga Oktoba, 2020.

Doka kam ba ta yi shiru ba. Sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba wanda aka kama ikon yin shiru har sai ya ga lauya ko wani da ya zaɓa, ya kuma ce a kai shi kotu cikin kwana 1 in akwai kotun da ta dace a tsakanin kilomita 40, in babu cikin kwana 2 ko abin da kotu ta ga ya dace. Dokar Shaida ta 2011 ta hana kotu karɓar amsa laifin da aka samu ta hanyar matsi. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 kuma ta kawo batun ɗaukar jawabi a bidiyo, Jihar Kaduna ta yi tata mai bin sahunta a 2017.

Akwai kuma wata wahala da tsohon Baltimore bai gamu da ita ba, domin shi da masu tambayarsa harshensu ɗaya. Manomin da aka kama a Samaru Kataf yana iya zama mai tunani da Tyap, na Zonkwa da Jju, a yi masa tambaya da Hausa, a rubuta amsarsa da Turanci, sa'an nan a ce ya dangwala yatsa. Tsakanin harsuna uku, "na san shi" da "na je wurin" suna iya komawa wani abu da bai faɗa ba. Dokar tarayya ta 2015 ta ce in mutum ba ya jin Turanci, tafinta ya rubuta jawabin, ya karanta masa har ya fahimta kafin ya sa hannu, shi tafintan kuma ya rubuta sunansa da adireshinsa da aikinsa a jikin takardar.