Ina Allura Take Zuwa Bayan An Gama da Ita?

Kwanan baya mun kai ziyara wani ɗakin shan magani na ikilisiya a ƙauye. Ciki tsaf, an share, ma'aikata suna aiki da fara'a. Amma da muka zaga baya sai muka tarar da wani rami cike da auduga mai jini, da bandeji, da kwalaben allura. An cinna masa wuta, ta ci sama ta bar ƙasa. Awaki suna tono a gefe. Wani yaro kuwa ya tsinci sirinji yana fesa wa ƙanensa ruwa da shi. Ba za mu faɗi sunan wurin ba, gama abin da muka gani can yana nan a wurare da yawa, watakila har da naku.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin sharar asibiti, kashi 85 bisa ɗari shara ce kamar ta gida: takarda, kwali, sauran abinci. Sauran kashi 15 ɗin su ne masu haɗari. Hukumar ta lissafta cewa a shekara ta 2010 allurai marasa tsabta sun sa wa mutum miliyan 1.7 ciwon hanta irin na B, da mutum 33,800 ƙwayar cutar ƙanjamau. In allurar da aka yi wa mai ciwon hanta na B ta soki wani, haɗarin ya kamu ya kai 30 cikin ɗari. Mu kuma muna da namu abin tunawa. Zazzaɓin Lassa a asibitin mishan na garin Lassa aka fara gane shi a 1969. A 1970 likitar mishan Jeanette Troup ta yanke a yatsa tana binciken gawar wanda cutar ta kashe a Jos, cutar ta kama ta, ta rasu. Ƙaramin yanka ne kawai.

To, yaya ake hallaka irin wannan shara yadda ya kamata? Bari mu duba yadda babbar ma'aikatar ƙona sharar asibiti take aiki, irin waɗanda ake da su a Ingila da sauran ƙasashen Turai, domin mu ga abin da za mu iya ɗauka.

Aikin tun daga gefen gadon majiyyaci yake farawa. Ana zuba shara mai cuta cikin jaka mai ruwan ɗorawa, allura da reza kuma cikin akwatin da ba ya hujewa. Ana ɗaure su a sa cikin manyan mazubai masu ƙafafun taya, mota ta kai su ma'aikatar. Can a auna nauyinsu a rubuta. Ba wanda yake buɗe jaka da hannu. Na'ura ce take ɗaga mazubin ta juye, wani ƙarfe ya tura sharar cikin wuta, sa'an nan a wanke mazubin da magani kafin a mayar da shi asibiti.

Tanderun ɗaki biyu ne, nan ne kuwa asirin abin yake. A ɗaki na fari shara take ci har ta zama toka. Amma hayaƙin da yake tashi daga cikinta bai gama ƙonewa ba tukuna, yana ɗauke da guba. Saboda haka ba a sake shi, sai a bi da shi ɗaki na biyu, a ƙara masa iska, a hura masa wutar mai ko gas, shi kansa hayaƙin ya ƙone. Dokar ƙasashen Turai ta ce lalle hayaƙin ya yi aƙalla daƙiƙa 2 cikin zafin digiri 850, in kuwa sharar mai haɗari ce mai yawan sinadarin kulorin, sai digiri 1,100. Ku tuna ruwa a digiri 100 yake tafasa.

Daga nan hayaƙin ya bi ta tukunyar ruwa, ya ba da zafinsa, a sami tururi na ɗumama gini ko na ba da lantarki. Ana so ya huce da sauri, domin in ya daɗe cikin matsakaicin zafi, wata guba da ake kira dayoksin takan sāke haɗuwa a cikinsa. Sa'an nan a fesa masa garin farar ƙasa ya shanye tsamin da ke ciki, da garin gawayi na musamman mai kama dayoksin da zaiba. A ƙarshe ya ratsa ta cikin dogayen jakunkunan tacewa, ƙura ta tsaya, sauran ya fita ta bututu, na'urori suna aunawa dare da rana. Tokar da ta rage ba ta fi kamar kashi ɗaya cikin goma na girman sharar ba. Ita da ƙurar da aka tace ana kai su wurin binnewa na musamman.

Yanzu ku gwada wannan da raminmu na bayan ɗakin magani. Wutar fili ba ta da ɗaki na biyu, zafinta kuma ba ya tsayawa. Jakar ƙarin jini da robar ƙarin ruwa sau da yawa da roba mai kulorin ake yinsu, in sun ci a ƙaramar wuta sai su ba da dayoksin. Gubar nan takan sauka bisa ciyawa, akuya da saniya su ci, ta taru cikin kitse da nono, ta komo cikin ƙwaryarmu. Yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta ambaci ƙona sharar asibiti cikin manyan hanyoyin da gubar take fitowa. Allura kuwa tana nan cikin tokar da tsininta.

Mun sani babu ikilisiyar ƙauye da za ta iya gina irin waccan ma'aikata. Amma dabarar ɗaki biyu ba ta fi ƙarfinmu ba. A shekarun 1990 wani malami mai suna Jim Picken na Jami'ar De Montfort a Ingila ya tsara ƙaramin tanderu domin asibitocin karkara. Da bulo mai jure wuta ake gina shi, da murfin ƙarfe a sama, da bututu mai tsawon kamar mita 4. Ba ya bukatar lantarki. Ana fara hura shi da itace ko busasshen kwali har ya yi zafi sosai, kāna a riƙa zuba shara kaɗan kaɗan. In an bi ƙa'ida zafinsa yana iya kaiwa wajen digiri 800. Mu faɗi gaskiya, ba shi da matatar hayaƙi, don haka bai kai babbar ma'aikata ba, Hukumar Lafiya ma tana ɗaukarsa abin riƙon ƙwarya ne. Duk da haka tsakaninsa da rami akwai nisa ƙwarai.

A ganinmu abin da ya fi kashe irin wannan tanderu shi ne rashin kula da mai hura shi. Sau da yawa akan ba mai gadi ko mai shara aikin, ba koyarwa, ba safar hannu, ba takalmi. Shi kuwa yana so ya gama ya tafi gona, sai ya cusa jiƙaƙƙiyar shara cikin tanderu mai sanyi, baƙin hayaƙi ya turnuƙe unguwa. Baƙin hayaƙi alama ce wutar ba ta kai ba. Mutumin nan yana tsare lafiyar gari kamar yadda malamin asibiti yake yi. Ya cancanci a koya masa, a yi masa rigakafin ciwon hanta na B, a biya shi a kan kari. Masu karatun Littafin Firistoci za su tuna a sura 13 an umarta a ƙone tufar da cuta ta kama, firist ne kuwa yake duba al'amarin da kansa.

Akwai abubuwan da ba a sawa a wuta ko kaɗan: ma'aunin zafin jiki mai zaiba, batir, gwangwanin feshi domin yakan fashe, da robar nan mai kulorin. Akwatin allura in ya cika kashi uku cikin huɗu a rufe shi, kada a danna da hannu. Mabiyiya kuma, inda iyali ba su karɓa su binne bisa ga al'ada ba, a yi mata rami nata mai murfi.

Toka ita ma a haƙa mata rami mai zurfi, a rufe bakinsa da siminti, nesa da rijiya, a kewaye shi da tanderun duka da shinge mai ƙofa da kwaɗo. Muna roƙon kwamitin lafiya na kowace ikilisiya, a taronku na gaba, kafin a buɗe littafin kuɗi, ku tashi gaba ɗaya ku zaga bayan ɗakin maganinku ku duba.