Kumasi: Garin Da Ke Cin Naman Da Ba Ya Kiwo

Samarinmu da yawa suna sauke shanu a Kumasi su juya ba su san garin ba, ban da kara da masaukinsu. Wannan ne ya sa muka ga ya kamata mu ɗan yi bayani a kansa.

Kumasi tana cikin kurmi ne, kimanin kilomita 250 arewa maso yamma da Ankara, babban birnin Ghana. Damina biyu ake yi a shekara, babba daga Maris zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Ruwa da ciyawa kam ba a magana, amma akwai tsando, shi ya sa shanunmu masu tozo ba sa jimawa a nan sai sammore ya kama su. To, asalin cinikinmu ke nan: gari ne mai baki da yawa, naman kuwa sai an kawo daga arewa. Hanyar ita ce daga kasuwannin Burkina Faso irin su Pouytenga, a shigo ta Paga, a bi Bolgatanga, Tamale, Kintampo da Techiman, a sauke a kwatar Kaase. Kuma wanda ya sauke ba shi da halin dogon jira, don kullum sa yana ramewa ne.

Osei Tutu ne ya kafa daular Tonawa a nan, wajen ƙarshen ƙarni na 17. Kakanninmu goro suke nema, kuma galibi a Salaga ta ƙasar Gwanja suke tsayawa. Turawan Ingila sun ƙone Kumasi a 1874, yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, sannan a 1896 aka kama Sarki Prempeh na ɗaya. Daga nan hanya ta buɗe, Hausawa da Mosawa da sauran mutanen arewa suka yi ta kwararowa. Jirgin ƙasa daga Sekondi ya iso a 1903, kuɗin koko ya biyo baya, Zango ya bunƙasa har ya haifi unguwanni irin su Sabon Zango, Aboabo da Asawase, inda Hausa ce harshen kasuwa.

A Zango ne aka kafa tsarin mai gida, kuma shi ne abin da ba ma so yaranmu su raina. Mai gida shi ke saukar da baƙo, ya ba shi wurin kwana, ya haɗa shi da dillali. Mafi muhimmanci, tun da can mahauta kan ɗauki shanu bashi ne, sai sun yanka sun sayar su biya. Baƙon da ya zo daga Dori ko Maraɗi ina ya san mahaucin da ke cika alkawari? Mai gida ya sani, shi ke tsayawa. Muna jin masu cewa la'ada ta yi yawa, wai waya ta wadatar. Waya dai ba ta bin bashi ƙofa-ƙofa.

Zaman bai rasa tangarɗa ba. A Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, mutane suka bar gidaje da basussuka. A Janairu 1994 kuwa aka karya darajar sefa da rabi, shanun Sahel suka yi araha a kudu, ciniki ya farfaɗo. Nijar, Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a Janairu 2025, saboda haka kowa ya duba takardunsa da na allurar dabbobinsa kafin ya isa Paga.

Maganar yawan jama'a, ƙidayar 2000 ta sami mutum 1,170,270, ta 2010 ta haura miliyan 2. Wanda ya ga ta 2021 ta nuna ƙasa da rabin miliyan kada ya ce gari ya ragu. An yanka shi ne gunduma-gunduma, irin su Asokore Mampong, inda yawancin Zango yake. Masu cin naman suna nan: makanikan Suame Magazine, ma'aikatan katako, 'yan kasuwar Kejetia, ɗaliban jami'a. Kasuwa takan yi zafi idan kuɗin koko ya fito daga Oktoba, da Kirsimeti, da Babbar Salla, ga jana'izar Tonawa ta ranar Asabar, wadda taronta ba kaɗan ba ne.

Sai dai da sidi ake biya, mu kuwa da sefa ko naira muke saye. Kafin a shiga kara a tambayi canjin ranar, a kuma yanke ranar biya a gaban mai gida.