Renon Bishiyar Kori a Lambu

1.0 Gabatarwa

Bishiyar kori baƙuwa ce a ƙasar Hausa, domin asalinta daga Indiya da Siri Lanka take. Masana ilimin tsirrai suna kiranta *Murraya koenigii*, kuma dangi ɗaya suke da lemun tsami. Tsawonta kan kai mita 4 zuwa 6, ganyenta kuwa yakan zauna kore duk shekara. Idan aka murje ganyen sai ya ba da ƙamshi, wanda saboda shi ne Indiyawa ke jefa shi cikin mai mai zafi a farkon girki. Ya kamata a lura cewa garin kori na kasuwa haɗin kayan yaji ne kamar kurkur, ba niƙaƙƙen ganyen wannan bishiya ba.

2.0 Samar da Dashe

Hanyoyi biyu ake bi. Ta farko ita ce shuka ƙwallon 'ya'yan da suka nuna har suka yi baƙi. A nan ne masu lambu da dama ke yin asara, domin sukan shanya irin kamar na gero su ajiye. Irin kori kuwa da zarar ya bushe ba safai yake tsira ba. Saboda haka, ana ɓare shi ne a shuka nan take cikin leda mai ƙasa da taki, ya tsiro cikin 'yan makonni. Hanya ta biyu ita ce cire tohon da ke fitowa daga saiwar uwar bishiya, tare da 'yar jijiyarsa, a dasa.

3.0 Kulawa

Farkon damina ya fi dacewa da dashe. Bishiyar tana son rana da ƙasa mai tsotse ruwa, domin inda ruwa ke kwanciya saiwarta ruɓewa take yi. Da hunturu girmanta yakan tsaya, ganye ya yi ɗorawa ko ya zube. A lokacin ana rage ban-ruwa, a yi mata kariya da zana. Tsinke kan reshe yana sa ta yi rassa, ganye ya yawaita. Tsutsar malam-buɗe-littafi da ke cin ganyen lemo tana cin nata, ana kuma iya tsince ta da hannu. Haka nan, dole a killace ta saboda awaki.

4.0 Kammalawa

Malamin da ya reni irin wannan bishiya a lambun makaranta ya samu kayan koyarwa a aikace, wanda ɗalibai za su gani, su taɓa, su sansana, sannan su yi rubutun bayani a kansa.

Tambayoyi

1. Me ya sa ba a shanya irin kori?
2. Kawo bambanci tsakanin ganyen kori da garin kori.