Kifin Lagdo a Kasuwar Garwa

Kafin rana ta take, cinikin ɗanyen kifi a Garwa ya riga ya yi nisa. Babura da ƙananan motoci ne ke shigo da kaya daga tafkin Lagdo, a sauke su cikin daro da kwanduna, an lulluɓe da ƙanƙara da tsohon buhu. Nan take mata masu sari za su yi caa a kai. Ana tayawa da Fulatanci, a faɗi kuɗi da Faransanci, can kuma ka ji Bahaushe na kiran karfasa, tarwaɗa, kurungu da ragon ruwa.

Giwan ruwa shi ne sarkin kasuwa. Mai saye kan ɗaga murfin kunnensa ya leƙa: in ciki ja ne jawur, kamun daren jiya ne, in ya yi fari-fari, sai a rage kuɗi. Masu otal da masu gashin kifi na unguwar Yelwa ba sa barin babba ya daɗe a ƙasa.

Sai dai babban ne ke wuyar gani yanzu.

Wani kamfanin ƙasar Sin ne ya gina madatsar Lagdo a kan kogin Binuwai tsakanin 1977 da 1982, domin lantarki da noman rani. Kifi ƙari ne aka samu, kuma shi ya janyo jama'a: Musgum da Kotoko daga arewa mai nisa ta Kamaru, Hausawa daga Najeriya, har da masunta daga Mali. Suka kafa sansanoni a tsibirai da gaɓar ruwa. Da jirage suka yi yawa, kamu ya ragu, sai aka koma ga raga mai ƙananan idanu. Taru, wanda ake ja har gaɓa ya kwashe uwa da 'ya'ya, haramtacce ne, amma bai ɓace ba. Wasu ma gidan sauro suke sa wa ruwa. Sakamakon yana nan a daro: karfasa da ba ta kai tafin hannu ba, ana sayar da ita kashi-kashi.

Don haka ne ma'aikatar kiwo da kamun kifi ta Kamaru ke rufe tafkin daga 1 ga Yuli zuwa 30 ga Satumba, lokacin da kifi ke zuba ƙwai a cikin ciyayin da ambaliya ta shanye. A waɗannan watanni kasuwa takan sauya kama. Banda ta yi daraja, kifin teku na ƙanƙara da aka hauro da shi daga Duwala ya cika tebura. Duk da haka ba a rasa ɗanyen kifi a ƙarƙashin tebur, kuma mai shi zai rantse maka na kogi ne. Jami'ai kan kama raga su ƙone, amma bin kwalekwale cikin dare a ruwa mai faɗin ɗaruruwan murabba'in kilomita aiki ne ja. Da a bakin kasuwa ake tare ƙananan kifi, da an fi samun sauƙi.

Ita ma bandar tana da nata nauyin. Itace take ci, ana saro shi daga dazukan da ke kewaye da tafkin, ga kuma gonaki sun matso har gaɓa. Da damina ƙasar da aka tone sai ta gangaro ta zauna a gindin ruwa. A kudu da tafkin ne gandun dajin Binuwai yake, wanda aka kafa a 1968, mazaunin dorina da kada, kuma masu saran itace da makiyaya na ƙara kusantar iyakarsa.