Daga Singafo zuwa New York: Awa 18 a sama, amma tikiti ya nuna kamar awa shida

Idan ana maganar doguwar tafiya a jirgin sama ba tare da yada zango ba, hanyar Singafo zuwa New York ce a kan gaba. Tsakanin filin jirgin Changi da na JFK akwai tazarar kimanin kilomita 15,350. Wato nisan Kano zuwa Jidda kusan sau huɗu da rabi ke nan.

Kamfanin Singapore Airlines ne ke wannan zirga-zirga da jirgi ƙirar Airbus A350-900ULR, wanda tankinsa ke ɗaukar lita 165,000 ta mai. Kujeru 161 kacal ke cikinsa, kuma babu ajin gama-gari, domin rage nauyi da samar wa fasinja wurin miƙe ƙafa. Tafiyar kan ci awa 18 zuwa 19.

To, ga inda abin ke rikita mutane. Jirgin kan tashi daga Singafo da misalin 12 na rana, ya sauka New York wajen 6:30 na yamma a wannan ranar. Ka duba tikiti ka ce, "Ah, ai awa shida ne!" Ina! Agogon Singafo yana gaba da na New York da awa 12, ko 13 a lokacin sanyi. A dawowa kuwa abin juyewa yake: ka tashi daren Litinin, sai asubahin Laraba ka iso.

Haka kuma jirgin ba ya bin layin da za ka ja da rula a taswirar wayarka. Duniya a dunƙule take, shi ya sa hanya mafi kusa tsakanin biranen biyu ta bi ta can ƙuryar arewacin duniya. Amma ko ita ba kullum ake bi ba. A can sama akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, kuma matuƙa sun fi son ta tura su ta baya. Saboda haka sau da yawa akan bi ta saman tekun Fasifik a zuwa, a dawo ta Atilantika da Turai. Kilomitoci sun ƙaru, amma an tsira da mai da lokaci.

Me ya shafe ka? Idan ka samu gurbin karatu a waje ko za ka saro kaya, ka sani duk lokacin da ke kan tikiti agogon garin da aka ambata ne. Ka nemi inda aka rubuta jimillar awannin tafiya, ka lura da alamar +1 ko +2 da ke nuna ranar sauka, sannan ka bar isasshiyar tazara idan za ka sauya jirgi. Kuskuren kwana ɗaya na iya sa mai tarbarka ya yi zaman banza, ko jirgi na biyu ya tashi ya bar ka da kuɗin sabon tikiti.