Dokar Rage Shekarun Takara Ta Yi Nata Aikin, Saura Jam'iyyu

A ranar 31 ga Mayun 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan gyaran tsarin mulkin da ya rage shekarun tsayawa takara a Najeriya. Mai neman shugabancin ƙasa ya sauko daga shekara 40 zuwa 35, mai neman majalisar wakilai ko majalisar dokokin jiha ya sauko daga 30 zuwa 25, aka bar gwamna da sanata a kan 35. Ƙungiyoyin matasa, musamman YIAGA Africa, su suka matsa har majalisar tarayya da majalisun jihohi suka amince. An kuma ga amfanin dokar, domin a 2023 Rukayat Shittu ta shiga majalisar dokokin Kwara tana da shekara 26. Sai dai irinta ba su da yawa, kuma a ganina dalilin a bayyane yake: abin da ke tare matashi yanzu yana cikin jam'iyyu ne.

Tsarin mulkinmu bai yarda da ɗan takara mai zaman kansa ba, dole sai jam'iyya ta tsayar da mutum. To nawa ne kuɗin shiga? Gabanin zaɓen 2023, APC ta sayar da fom ɗin shugaban ƙasa naira miliyan 100, na gwamna miliyan 50, na majalisar wakilai miliyan 10, PDP kuma ta sa na shugaban ƙasa miliyan 40. A lokacin mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne, wato ƙaramin ma'aikaci sai ya tara albashin fiye da shekara 27 bai taɓa ko kwabo ba kafin ya sayi fom ɗin majalisar wakilai. An yi wa matasa rangwame, gaskiya ne, amma fom somin taɓi ne. A lokacin akwai daliget da za a sallama ranar zaɓen fid da gwani, akwai fosta da motoci da wakilan akwati. Wanda ba shi da wannan dukiya sai ya nemi ubangida, wanda ubangida ya ɗauka kuwa ba ya iya ce masa a'a bayan an ci zaɓe. Shi ya sa matasan da ke kai labari galibi 'ya'yan manya ne ko yaransu. Sauran kuma aikin da ake ba su sananne ne: cika filin taro, yaɗa manufa a Facebook, ko bangar siyasa, kamar yadda aka sha gani da 'yan daba a Kano da 'yan kalare a Gombe.

Wasu za su ce tsadar fom tana tace masu wasa ne daga masu takara da gaske. Amma kuɗi ba ya nuna gaskiyar niyya, aljihu kawai yake nunawa. Jam'iyya za ta iya neman sa hannun 'ya'yanta masu rajista daga mazaɓu daban-daban, wanda shi ne ma'aunin karɓuwa na ainihi. Wasu kuma za su ce mulki sai da gogewa. Haka ne, ƙuruciya ba ta sa mutum ya zama adali, kuma matashi ma yana iya cin amana. Amma a ina zai goge in ba a bar shi ya fara ba? Lokacin da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, Malam Aminu Kano shekararsa kimanin 30, Maitama Sule kuma ya zama minista a 1959 yana da kimanin 30. A cikin jam'iyya suka koyi aikin, tun daga ƙasa.

Matasa ma akwai nasu kason. A rajistar INEC ta 2023, cikin mutum miliyan 93 da ɗoriya, kusan kashi 40 cikin ɗari 'yan shekara 18 zuwa 34 ne, amma waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa gaba ɗaya ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba. Yawan da bai je akwati ba, bai kuma zauna a taron mazaɓa ba, ba ya tsorata kowa. A matakin mazaɓa ake zaɓen shugabannin jam'iyya da daliget, kuma a nan ne kujerar kansila take, wadda ta fi kusa da ƙarfin matashi a ƙananan hukumomi 774.

Saboda haka majalisa ta sa iyaka ga kuɗin fom, ta kuma ba da damar takara ba tare da jam'iyya ba. Matashi kuma ya yanki katin jam'iyyar da ya yarda da ita, ya riƙa halartar taron mazaɓarsa, ya nemi muƙami a ciki tun kafin lokacin zaɓe ya zo.