Kyau da ƙauna a adabin fada: Daga Gombe da Sakkwato zuwa Urbino

Duk wanda ya taɓa kallon hawan Sallah a ƙofar fadar Sarkin Gombe ya san fada gidan ado ce. Sai dai adabin da masarautar ta gada da wani mudu daban yake auna kyau.

Modibbo Buba Yero, wanda ya kafa masarautar, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne, kuma daga hannunsa ya karɓi tuta. A gidan Shehu kuwa, kalmomin bege da shauƙi yawanci yabon Annabi (SAW) aka keɓe wa. Game da ƙaunar ɗan Adam, sai a dubi marsiyoyin Nana Asma'u (1793–1864) ga ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, da mijinta Waziri Giɗaɗo, da aminiyarta A'isha. Abin da take kuka da rashinsa shi ne haƙurinsu, kyautarsu, zumuncinsu da tsoron Allah. Wannan ma'auni bai yi nisa da pulaaku na Fulanin Gombe ba, wanda ginshiƙansa su ne kunya, haƙuri da hankali.

Fadojin Italiya ma sun yi wannan muhawara a zamanin farfaɗowar ilimi a Turai. A 1528 aka buga littafin Baldassare Castiglione, jakada kuma hadimin sarakunan Urbino, mai suna Il Cortegiano, wato Bafade. Hira ce ta dare huɗu a gaban uwargidan sarki, Elisabetta Gonzaga. A daren ƙarshe, Pietro Bembo ya kwatanta ƙauna da tsani: matakin farko kyawun fuska, na biyu kyawun hali, ƙololuwa kuma son Ubangiji. Mawaƙan Italiya sun daɗe a matakin farko, suna wasa gashi da idanu kamar yadda Petrarch ya yi wa Laura. Asma'u daga mataki na biyu ta fara.

A wannan daren ne kuma littafin ya faɗi amfanin ado da ladabin bafade: ya sami yardar sarki har ya iya gaya masa gaskiya, ko da mai ɗaci ce. Hadimin minista a Abuja da ke zaton fadanci shi ne babbar riga da “ranka ya daɗe” ya tsaya ne a matakin farko. Ranar da maigida ya kauce hanya ake gane wanda ya hau na biyu.